Fuska Ɗaya a Bangon Mujalla

Fuska ɗaya ake sawa a bangon mujalla. Wannan ce dokar farko da Oga ya dasa mini a ka ranar da na fara aiki a wurinsa. Oga Bayarabe ne haifaffen Jos, Hausa ba ta tsaya masa a baki, sai dai mace da namiji duk "kai" ne a wurinsa. Ofishin namu ɗaki biyu ne a saman wata maɗaba'a a tsakiyar gari. In aka tayar da injin bugu a ƙasa, har shayin da ke kan teburina sai ya riƙa rawa. Mujallar ta 'yan sakandare ce, wata-wata take fitowa, ba komai a cikinta sai mawaƙan zamani da baitocinsu da irin kayan da suke sawa. Ni ce mai tsara shafuka a kwamfuta. Kafin nan katin biki nake yi da kalandar suna, don haka na zo da girman kaina, ina ganin babu abin da za a koya mini.

Ashe akwai. Mawaƙin da ke bango dole idonsa ya kalli mai saye, ba gefe ba. Kansa kuma ya hau kan sunan mujallar ya rufe harafi ɗaya ko biyu, don a ga kamar zai fito daga takardar. A kusurwa akwai wani tauraro ruwan ɗorawa mai ihun cewa akwai fosta a ciki. Baitocin waƙa a cikin akwati ake zuba su, a zagaye da layi ɗigo-ɗigo da ɗan hoton almakashi, saboda yara su yanke su ɓoye a littafin lissafi. In na bar farin fili ko kaɗan don ido ya huta, sai Oga ya zo ya tsaya a kaina yana huci. "Fili na tsofaffi ne," in ji shi. "Cika shi!" Sai in cika ina ƙunƙuni.

Fostar kuwa a tsakiyar mujallar take, falle ɗaya mai faɗin shafi biyu, kuma tana da tata dokar: ba a ɗora fuska a kan ninki. Ta nan ne fil biyun da ke riƙe da mujallar suke ratsawa. Wai kafin zuwana an taɓa soke wa wani mawaƙi hanci da fil, ya zo ofis da yaransa ya yi ta tijara har sai da masu maɗaba'a suka hau suka ba shi haƙuri.

In na gama bango, Oga yakan buga gwaji ya manna a jikin tagarmu, ya sauka ya tsallaka titi ya ɗaga kai ya kalla. Ya ce yaron da ke cikin keke napep kallo ɗaya yake yi wa teburin mai jarida, in bai gane fuskar ba a wannan kallon, shi ke nan an yi asara. Nakan leƙa ta taga in gan shi a tsakiyar masu tallar dankali, ya dafa ƙugu ya karkace kai, in yi ta dariya.

A lokacin muna zaune a unguwar Dilimi, ni da Mama da ƙanena, autanmu. Auta yaro ne mai zuciya. Abu kaɗan ya tashi hankalin gida, ba ya jin maganar Mama, ni kuwa da na buɗe baki zai ce na fiye surutu. Mutum ɗaya ne a duniya ke iya ce masa zauna ya zauna, wato abokinsa, wanda Mama ke kira ɗan Daɗin Kowa, da sunan unguwarsu. Tun ajin farko na sakandare suke tare. Kirista ne, uwarsa nas ce, a ƙungiyar mawaƙan coci ya tashi, muryarsa kuwa sai wanda ya ji. Auta ne ke rubuta baiti yana zuba shi da sauri da Hausa, shi kuma abokin ya ɗauki amshi ya ja shi. Lokacin da Auta ya fara bin wasu yara masu shaye-shaye a bayan gareji, ba dukan kawunmu ne ya dawo da shi ba, ba kuma kukan Mama ba. Ɗan Daɗin Kowa ne ya je har wurin ya kamo hannunsa, ya ce yana da kiɗa sabo kuma babu mai hawansa sai shi.

Duk wanda ya zauna a Jos ya san yadda garin ya koma bayan rikice-rikicen da aka sha. Kowa ya tattara ya koma cikin nasa, akwai unguwannin da mutum ba ya shiga sai da dalili. Amma yaron nan bai fasa zuwa gidanmu ba. Ya zo ya durƙusa ya gaida Mama, ya ci tuwo ya nemi ƙari, in zai tafi ta ce ya kira ta da zarar ya isa. Ba ta zama sai wayar ta yi ƙara. Ni da ita ba mu taɓa faɗa wa juna ba, amma tsoronmu ɗaya ne: kada wani abu ya shiga tsakanin yaran nan. Mun san in babu shi, ba mu da mai riƙe mana Auta.

Sai ga wata waƙarsu ta kama gari. A rediyo ita, a shagon aski ita, 'yan keke ita. Wata safiya Oga ya shigo yana rera amshin da muryarsa ta gwangwani, ya ce, "Kai, yarinya, ba ƙanenka ba ne? Su za mu sa wannan wata." Wallahi sai da na yi tsalle. Aka kai su kan duwatsun bayan gari aka ɗauke su hoto. A cikin hotunan akwai wanda ya fi duka: sun rungumi kafaɗun juna, wani abu ya ba su dariya, dukansu suna kallon kyamara.

Na san dokar sarai, amma na ce yau sai na karya ta. Na ɗora su su biyu a bango, na gyara na sake gyarawa, na buga gwaji na manna a taga. Oga ya sauka, ya tsallaka titi, ya daɗe yana kallo. Da ya hawo sai ya ce, "Ban ga kowa ba. Riguna biyu na gani."

Na ce, "Haba Oga! Waƙar tasu ce su biyu. Wa za ka cire?"

Ya ce, "Je ka duba da kanka."

Na sauka a fusace na je na duba. Abin haushi, gaskiya ya faɗa. Don su shiga su biyu sai da na ƙanƙanta su, daga tsallaken titi ba ka gane ko su waye. Na dawo na ce to ni dai ba zan zaɓi ɗaya ba, in ya ga dama ya kore ni. Ya sosa gemu, can sai ya tafa hannu ya ce ya samo dabara. Za a yi bango iri biyu. Rabin mujallun da fuskar Auta, rabi da fuskar abokinsa, cikin kuwa duk ɗaya. Ba wanda aka fifita.

Ni ma a lokacin dabarar ta burge ni. Na raba hoton gida biyu, na tsara shi yadda in aka jera mujallun gefe da gefe a teburin mai jarida, za su haɗe su koma hoto ɗaya, hannun wannan ya tsallaka zuwa kafaɗar wancan. Ina cikin yaba kaina Oga ya leƙo, ya ɗora yatsa a kan gilashin kwamfutar.

"Hannun waye wannan a kafaɗar yaro?"

Na ce na abokinsa ne mana.

"Ina abokin? Ba ya cikin shafin. Hannu babu mai shi, yara za su ce aljani ne. Goge."

Wannan ma doka ce, na san ta: ba a barin guntun gaɓar wani a jikin wanda ke bango. Na roƙe shi, na yi masa bayanin jerawar, na ɗaga murya har masu maɗaba'a suka jiyo. Ya ce mutum ɗaya mujalla ɗaya yake saye, kuma wanda ya kai ta gida ba da teburin mai jarida zai tafi ba. Ya koma ofishinsa ya rufe ƙofa.

Yinin ranar a kan gogewa na ƙare shi. Aikin ba wuya gare shi ba: ka ɗebo launin rigar daga gefe, ka shafa a kan yatsa, ka sake ɗebowa. Na fara da hannun ɗan Daɗin Kowa da ke kafaɗar Auta, yatsa bayan yatsa, har da ɗan zoben robar da yake sawa. Da yatsun suka tafi sai ga rigar ta tattare a inda suka danna, dole ita ma na miƙar da ita. Sannan na koma ɗaya bangon na goge hannun ƙanena, mai tabon ƙunar salansar babur tun yana ƙarami. Raina ya ɓaci ƙwarai, ban ma iya cin abincin rana ba. Abin da na riƙa lallashin kaina da shi shi ne fosta. A fostar tsakiya suna nan su biyu, cikakku, babu abin da aka taɓa. Na zauna na auna da kyau, na sa ninkin ya bi ta ɗan tsakanin kawunansu, fil ba zai taɓa fuskar kowa ba.

Da na faɗa wa yaran, dariya suka yi. Auta ya ce ai shi na abokinsa zai saya, don ya gaji da ganin tasa fuskar a madubi. Abokin ya ce, "Anti, ki dai ƙara mini haske kaɗan." Hankalina ya ɗan kwanta.

Ranar fitowa masu tallar jarida suka cika ƙofar maɗaba'a da sassafe, kamar kullum. An ɗaure mujallun ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi a gauraye, don ni da kaina na tsaya aka gauraya. Ina tsaye a matakala sai na ga sun tsuguna suna kwance igiyoyin. Da farko na zaci ƙirgawa suke yi. Ashe musaya suke. Mai kaiwa Anguwan Rogo da Dilimi yana tsince masu fuskar Auta yana miƙa sauran, mai kaiwa Daɗin Kowa da wajajen can yana karɓa yana ba shi nasa. Cikin raha suke yi, har da tsokanar juna. Babu wanda ya sa su.

Ban san lokacin da na sauko ba. Na ce, "Me kuke yi haka? Tare ake jera su! Hoto ɗaya ne!"

Wani dattijo a cikinsu, wanda ya girmi Oga ma a sana'ar, ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "'Yata, ni na san masu sayena. Wannan ɗan unguwa ne, kafin azahar ya ƙare. Wancan in na kai shi, dawo muku da shi zan yi."

Na ce ai a shagunan askin unguwar tasu waƙar ake sha, kuma muryar wancan ɗin ce suke bi suna rerawa. Ya ce murya daban, fuska daban. Ya ɗaure kayansa ya ɗora a ka. Na haura wurin Oga ina haki na ce ya sauko ya hana su. Ya ce da zarar takarda ta fita ƙofa ba tasa ba ce. Cikin 'yan kwanaki mujallar ta ƙare ƙaf, abin da ba ta taɓa yi ba, Oga har da sayo mana lemo. Na zaga gari a keke ina leƙen tebura. Ban ga wuri ɗaya da aka jera su tare ba.

Saura fosta, na ce a raina. Sai wata rana Mama ta aike ni gidan maƙwabta, na shiga ɗakin 'yarsu, 'yar aji huɗu. Ga Auta manne a ƙofar wadrob ɗinta yana dariya, shi kaɗai. An raba fostar ta kan ninki, tsaf, ko almakashi ba a sa ba. Hujin fil ɗin ya riga ya nuna hanya, ja ɗaya ta rabu. Na ce, "Ke, ina ɗayan?" Ta ce ta naɗe littafinta na Turanci da shi, ta juya shi ciki. Ba da wata mugunta ta faɗa ba, har tana tambayata ko zan karɓo mata sa hannun Auta. Da fuskar wani na ɗora a kan ninkin, da ba mai iya rabawa sai ya ɓata hoton. Amma doka ta hana, ni kuma na bi ta daidai.

Daga nan sai zuga. A shagon aski ana ce wa Auta ai shi ne waƙar, wancan ɗan amshi ne kawai, shi ya sa mujalla ta sa shi shi kaɗai. A can kuma, kamar yadda na ji daga baya, ana ce wa abokin shi ne mai murya, wancan surutu kawai yake yi da sauri. Yawancin masu faɗar haka ba su ma san akwai bango na biyu ba. Yaran sun sani, amma sani bai hana kunne ji ba. Auta ya fara wata irin tafiya, ya fara cewa "waƙata".

Da Sallah ta zo, wasu masu shirya wasa a unguwarmu suka gayyaci Auta shi kaɗai, suka ce ai ba sai an wahalar da baƙo ba. Ya karɓa bai gaya wa kowa ba, ya samo wani yaro ya yi masa amshi. Aka ɗauka a waya, bidiyon ya yi yawo har ya isa Daɗin Kowa. Da ƙarshen shekara ya zo, abokin ma aka gayyace shi wani wasa a can, ya rera waƙar daga farko har ƙarshe, ya tsallake baitocin Auta kamar babu su. Wannan bidiyon ma ya iso.

Babu abin da ban gwada ba. Na buga cikakken hoton babba na ba kowannensu, Auta ya cusa nasa bayan wadrob. Na roƙi Oga ya ba ni shafi guda a fitowa ta gaba in sa su tare. Ya ce fuskar da ta hau bango ba ta dawowa da wuri, yara gajiya suke yi. Da na dame shi ya ba ni wani ɗan gurbi a ƙasan shafin wasiƙu, bai fi kwalin ashana ba. Na sa su a ciki, ko ni sai na matso nake gane su. Mama ta dafa abinci ta aika a kira abokin, ya ce yana da gwajin waƙa a coci. Rannan na tsare Auta a tsakar gida na wanke shi tas, na ce ba shi da kunya, ya manta wanda ya ciro shi daga bayan gareji. Ya bari sai da na gama, sannan ya ce, "Yaya, ni na raba mu? Ba ke kika zauna a kwamfuta kika goge hannunsa ba?"

Na ɗaga hannu zan mare shi, Mama ta riƙe ni. Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata, na haushi ne ko na mene ne ban sani ba. Ba a jima ba na fara hango Auta da yamma a wajen garejin nan.

Bayan 'yan watanni labari ya zo cewa wani kamfanin waƙa a Legas yana son ɗan Daɗin Kowa. Wani ne ya tafi da mujallar can, mai fuskarsa, suka neme shi, shi kaɗai. Ranar da zai tafi sai ga shi da hantsi a ƙofar gidanmu da jakarsa, ya ce ba zai bar gari bai yi wa Mama sallama ba. Ya durƙusa kamar yadda ya saba. Mama ta dafa kansa ta yi ta sa masa albarka, ta ƙulla masa dambun nama da yaji a leda. Duk wannan abin idonsa na kan ƙofar ɗakin Auta. Ƙofar a rufe take, amma ga takalmansa nan a bakinta.

Mama ta ƙwala kira, "Auta!" Shiru. Ta sake kira, ta ce ɗan'uwansa ne zai yi tafiya. Shiru. Na tashi zan bugi ƙofar, sai yaron ya ce, "Anti, bar shi. Barci yake yi." Duk mun san ba barci yake yi ba.

Na raka shi bakin titi. Muka tsaya jiran keke. Sai da keken ya tsaya, ya saka jakarsa, sannan ya juyo. Ya ce, "Anti, in ya tambaya, ki ce masa ban amsa wa mutanen Legas ba sai da na yi ta kiransa bai ɗauka ba. Na gaya musu mu biyu ne. Har yanzu in ya kira ni, zan sake gaya musu." Ya shiga, keken ya ja.

Da gudu-gudu na koma gida. Ban yi sallama ba na tura ƙofar. Auta na zaune a bakin katifa, ya yi wanka, ya sa rigarsa ta fita, har da hula da turare. Wayarsa na hannunsa. Na zayyana masa saƙon duka, ban rage ko kalma ba.

Ya ce, "Yaya, na tambaye ki?"

Na ce, "Don girman Allah, Auta. Motar ba ta cika ba tukuna. In ka hau keke yanzu za ka same shi a tasha. Tashi mu je tare."

Ya daɗe yana kallon wayar. Na ga babban yatsansa ya motsa a kanta. Sai ya kife ta a kan katifa, ya cire hular ya rataye a ƙusa, ya fara ɓalle maɓallan rigar.